Jinin da ake gani a allo da wanda ke zuba a ƙasa

Ranar 20 ga Afrilun 1999 wasu ɗalibai 2 suka shiga makarantarsu ta sakandare da ake kira Columbine, a jihar Kolorado ta Amurka, ɗauke da bindigogi. Suka kashe 'yan'uwansu ɗalibai 12 da malami 1, sannan suka harbe kansu. Tun ba a gama binne mamatan ba jaridu suka bankaɗo cewa yaran biyu sun shaƙu da wani wasan kwamfuta na harbe-harbe mai suna Doom, sai mutane da yawa suka ce ai ga mai laifi nan an kama. Iyalan malamin da aka kashe har ƙarar kamfanonin wasanni da na fina-finai suka kai kotu, alƙali ya kori ƙarar a 2002. Amma zargin bai tafi ba. A Disambar 2012, bayan wani matashi ya kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook, shugaban ƙungiyar masu rajin mallakar bindiga ta Amurka, Wayne LaPierre, ya fito gaban 'yan jarida ya ɗora laifin a kan wasannin bidiyo. A Agustan 2019, bayan kashe-kashen biranen El Paso da Dayton, Shugaba Donald Trump ma haka ya faɗa.

Zargin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Aflatun, masanin falsafar Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce ya so a kori mawaƙan baka daga birnin da ya zana a tunaninsa, don tsoron kada matasa su kwaikwayi halayen da ake rera musu. Tsakanin 1929 da 1932 an yi jerin bincike a Amurka kan ko silima na ɓata yara. A 1954 Majalisar Dattawan ƙasar ta zauna musamman a kan mujallun labarin zane, inda wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya ba da shaida cewa su ke mayar da yara ɓata-gari. Sai a 2012 wata manazarciya, Carol Tilley, ta buɗe takardunsa da ke ajiye, ta tarar ya yi ta sauya shekarun yaran da ya zanta da su, yana haɗa maganar wannan da ta wancan don hujjarsa ta zauna. Bayan mujallu aka koma kan talabijin, bayan talabijin kaset ɗin bidiyo, yanzu kuma gem, wato wasan bidiyo, da wayar hannu.

Tsufan zargi dai ba ya mayar da shi ƙarya. Kuma masu wannan zargi suna da hujjar da hankali ke saurin karɓa. Kamfanoni na zuba miliyoyi don a nuna kayansu na daƙiƙa 30 a talabijin, kuma ba wawaye ba ne, sun san kallo na juya zuciya. To ta yaya daƙiƙa 30 za su sa mutum ya sayi lemo, amma awa dubu na kallon sara da suka da harbi su wuce shi ba su bar masa komai ba? Tambaya ce mai nauyi, sai dai akwai abin da ta tsallake. Mai talla yana roƙonka ka yi ɗan ƙaramin abu ne wanda dama kana da niyyarsa: kana jin ƙishi, shi kuma yana so ka zaɓi kwalbarsa maimakon ta maƙwabcinsa. Kisa kuwa abu ne da tarbiyya da addini da doka da tsoron ɗauri da tausayin da aka halicci mutum da shi duk suka taru suka tare masa hanya. Ƙarfin da ya isa ya karkata ka daga wannan kwalba zuwa waccan bai isa ya rushe duk waɗannan katangu ba.

Gwajin da kowa ke ambatowa shi ne na Albert Bandura a Jami'ar Stanford a 1961. Ya ɗauko yara 72 'yan shekara 3 zuwa kusan 6, ya sa wasunsu suka kalli wani babba yana jibgar wata 'yar tsana ta roba da ake hura wa iska, wadda in an buge ta ta faɗi sai ta sake miƙewa. Yana naushinta, yana dukanta da guduma, yana cilli da ita. Da aka bar yaran da 'yar tsanar, waɗanda suka kalli dukan sun fi sauran dukanta, har da irin salon da suka gani. A 1963 ya sake gwajin da hoton fim maimakon mutum a zahiri, sakamakon ya fito kusan iri ɗaya. Abin da wannan ya tabbatar gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa renon yaro ya san shi: yaro na kwaikwayon abin da ya gani. Amma a duba abin da aka daka. 'Yar tsana ce da aka ƙera ta don a daka, ba ta kuka, ba ta jini, ba ta ramawa, kuma babba ya nuna wa yaron cewa a wannan ɗaki haka ake wasa da ita. Yaron da ya yi abin da ya ga ana so ya yi, biyayya ya nuna ko mugunta? Daga nan zuwa cewa zai ɗauki wuƙa ya daɓa wa ƙaninsa akwai tafiya mai nisa, kuma gwajin bai yi wannan tafiyar ba.

Wannan ita ce matsalar da ta bi binciken har yau, kuma a nan gizo ke saƙarsa. Babu jami'ar da za ta yarda a nuna wa mutane fim sannan a miƙa musu makami a ga wa zai fara sara. Dole masu bincike su nemi abin da zai tsaya a madadin cutar da mutum. Ɗaya daga dabarun da suka fi yawaita ita ce a sa ɗalibi ya buga gem na minti 15 ko 20, sannan a ce masa zai yi gasar saurin danna maɓalli da wani da ke wani ɗaki, duk wanda ya ci zai aika wa abokin karawarsa ƙara mai ɓata kunne, shi zai zaɓi ƙarfinta da tsawonta. A gaskiya babu kowa a ɗaya ɗakin. Wata dabarar ita ce a ba shi romon barkono a ce ya zuba wa wani da ba ya son yaji, a auna yawan abin da ya zuba. Wata kuma a ba shi kalma da aka cire mata haruffa a ga ko zai cike ta da kalmar faɗa ko ta lumana. Sau da yawa akan samu ɗan bambanci: waɗanda suka buga gem ɗin harbi sukan ɗan ƙara ƙarar, su ɗan ƙara barkonon, na 'yan mintuna bayan wasan.

Sai wani masani Bajamushe, Malte Elson, ya zauna ya tattara rahotannin da aka yi amfani da gwajin ƙarar nan a cikinsu, ya tarar an lissafa sakamakon ta hanyoyi daban-daban sama da 100. Wani ƙarfin ƙarar ya auna, wani tsawonta, wani ya ninka su, wani zagayen farko kawai ya ɗauka, wani na ƙarshe. In mutum yana da hanya 100 ta karanta ma'auni, da wuya ya rasa wadda za ta ba shi amsar da ya fito nema, ko da ba da niyyar ha'inci ba. Ga kuma wata cuta da ta addabi fannin ilimin halayyar ɗan Adam baki ɗaya: binciken da ya gano alaƙa shi mujallu ke bugawa, wanda bai gano komai ba sai ya ruɓe a durowa. A 2017 Joseph Hilgard da abokan aikinsa suka sake duba babban tarin binciken da Craig Anderson da jama'arsa suka fitar a 2010, wanda shi ne ginshiƙin masu cewa gem na jawo zafin kai. Suka nuna cewa in aka cire tasirin wannan son kai na mujallu, abin da gwaje-gwajen ɗakin bincike suka gano game da hali ya ragu sosai.

Akwai kuma tambayar mene ne a cikin gem ɗin ke tayar da rai. Paul Adachi da Teena Willoughby a Kanada sun gwada a 2011 suka ga gasa ce ke zafafa mai wasa, ko da jini ko babu. Gem ɗin tseren mota da ake cin mutum a cikinsa na iya tayar masa da jijiyar wuya fiye da na harbi da yake bugawa cikin nishaɗi. Duk wanda ya ga yadda ake rabuwa baram-baram bayan wasan ƙwallo ko na kati ba zai yi mamaki ba.

Hanya ta biyu ita ce a bi yara shekara da shekaru. Leonard Eron ya fara haka a 1960 da yara 'yan shekara 8 sama da 800 a wata gunduma ta jihar Niyok, daga baya Rowell Huesmann ya shigo aikin. Bayan shekara 10 suka ga cewa yara mazan da suka fi son shirye-shiryen faɗa tun suna ƙanana sun fi yawan cin zali da suka kai 18 ko 19. A wajen mata ba su ga hakan ba a wannan zagaye. Wani binciken Huesmann da ya fito a 2003, wanda ya bi yara har suka zama magidanta, ya sami alaƙar a maza da mata duka. Wannan aiki ne na gaske, ba a share shi da baki. Sai dai wanne ya haifi wanne? Yaron da dama mai zafin kai ne shi zai fi neman fim ɗin faɗa. Gidan da ake barin ɗan shekara 8 ya kwana gaban talabijin ba mai tsawatarwa, sau da yawa shi ne gidan da ake dukan uwa, ko uba ba ya nan, ko talauci ya hana kowa kula da kowa. Masu binciken suna ƙoƙarin cire waɗannan abubuwa daga lissafi, kuma kusan kullum, gwargwadon yadda aka cire su gwargwadon yadda alaƙar ke ƙanƙancewa.

Ga yadda girmanta yake in an auna. A ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma ke nufin abu biyu ba sa rabuwa, wani nazari na 2018 da ya haɗa bincike 24 a kan yara da matasa sama da 17,000 ya sami kimanin 0.11 tsakanin buga gem ɗin faɗa da yawan taɓa jikin wani daga baya. Da aka cire sauran dalilai ya sauko wajen 0.08. Ma'ana, cikin duk bambancin da ke tsakanin yaro mai faɗa da mai haƙuri, abin da gem ya bayyana bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Abin dariyar shi ne ɓangarorin biyu duk sun karɓi wannan adadi, kowa ya ce shi ya yi nasara. Su Anderson da Brad Bushman suka ce ƙaramin tasiri in ya bazu kan yara miliyoyi ya zama babba. Christopher Ferguson, wanda ya fi kowa jayayya da su, ya ce adadi irin wannan ko kuskuren awo kaɗai na iya haifar da shi. A ganina Ferguson ya fi kusa da gaskiya, kuma abin da ya sa na karkata wajensa shi ne binciken da aka yi bayan an gyara salon aiki. A 2019 Andrew Przybylski da Netta Weinstein suka rubuta yadda za su yi lissafinsu tun kafin su tattara bayani, don kada su samu damar zaɓen wanda ya yi musu daɗi, suka tambayi matasan Birtaniya kimanin 1,000 'yan shekara 14 da 15 tare da iyayensu. Ba su sami alaƙa ba. A Jamus, Simone Kühn ta sa manya buga ɗaya daga cikin gem ɗin da aka fi zargi kowace rana har wata 2, ta auna su kafin da bayan, ba ta ga wani canji na a-zo-a-gani ba.

Ko an yarda da ƙaramin adadin nan, a lura da abin da yake aunawa: ture-ture, zagi, naushi a filin makaranta. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wadda ta daɗe tana goyon bayan cewa akwai alaƙa da irin wannan zafin kai, ita da kanta ta ce a 2015 babu isasshiyar hujja da ke haɗa gem da manyan laifuka. A 2020 ta ƙara da cewa ɗora alhakin zubar da jini a kan gem ba shi da madogara a kimiyya, kuma yana kawar da hankali daga dalilan da suka fi muhimmanci.

In aka fita daga jami'a aka dubi duniya, lamarin sai ya ƙara yi wa masu zargi wuya. A farkon shekarun 1990 ne gem ɗin faɗa masu nuna jini suka cika kasuwa, har Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kansu a 1993, aka kafa hukumar rarraba su bisa shekaru a 1994. Daga wannan lokaci cinikin gem ya yi ta hauhawa, hotunansu na ƙara kama da zahiri, su kuwa manyan laifuka a Amurka suka yi ta sauka, har suka ragu da kusan rabi tsakanin 1991 da tsakiyar shekarun 2010, kuma a cikin matasa raguwar ta fi haka. Wannan bai nuna gem ne ya rage laifi ba, abubuwa da yawa sun canza a waɗannan shekaru. Amma in da gem babban dalili ne, da an ga alamarsa. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da aka fi buga gem a duniya, fina-finansu da zane-zanensu ma ba su da sauƙi wajen nuna jini, amma kisan kai a Japan bai kai mutum 1 cikin 100,000 a shekara ba, alhali a Amurka yana kaiwa 5 ko 6 ko sama. Bambancin da ke fili shi ne, ƙididdigar 2017 ta nuna bindigogi kimanin 120 ne a hannun kowane farar hula 100 a Amurka, a Japan kuwa ko 1 ba ta kai ba.

Zuwan talabijin wuraren da ba su da ita ya ba da amsoshi masu karo da juna. A wani ƙaramin garin Kanada da ya samu talabijin a 1973, masu bincike sun ga faɗan yara a filin wasa ya ƙaru bayan shekara 2. A tsibirin Sent Helena da ke tsakiyar Tekun Atlantika, inda ta iso a 1995, an ɗauki hoton yara a filin makaranta kafin da bayan, ba a ga ƙarin faɗa ba, masu binciken suka danganta hakan da yadda kowa ke sa ido a kan ɗan kowa a tsibirin. Wani bincike kuma na masana tattalin arziki, Gordon Dahl da Stefano DellaVigna, a 2009 ya zo da abin da ba wanda ya zata: a matsakaicin ƙarshen mako, fina-finan faɗa da ake nunawa a gidajen silimar Amurka kan rage kai farmaki da kimanin 1,000. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Samarin da suka fi son irin fim ɗin su ne suka fi shiga rigima, kuma awa 2 ko 3 da suka yi a zaune a silima awanni ne da ba su yi a mashaya ba.

Kada masu kare fim da gem su yi saurin murna da wannan, domin su ma suna da tasu tatsuniyar, wato wai kallon faɗa na huce fushi, mutum ya zubar da dafinsa a allo ya tashi wasai. Tun zamanin Aristo ake wannan magana, amma gwaji bai mara mata baya ba. Bushman ya sa mutanen da aka fusata su naushi buhun motsa jiki suna tunanin wanda ya ɓata musu rai, suka fito sun fi waɗanda suka zauna shiru fushi.

Su kansu masu kisan fa? A 2002 hukumar tsaron shugabannin Amurka da ma'aikatar ilimi suka fitar da nazari kan hare-hare 37 a makarantu da maharan 41. Kashi 12 cikin 100 ne kawai suka nuna sha'awar gem ɗin faɗa, adadin da ya gaza na sauran samari sa'o'insu. Waɗanda suka bayyana son zubar da jini a rubuce-rubucen kansu, waƙa ko insha'i, sun kai kashi 37. Waɗanda suke jin an zalunce su, an tsangwame su ko an yi musu barazana kuwa kashi 71 ne. Kwamitin da ya binciki kisan mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007 bai sami shaidar cewa maharin na buga gem ɗin harbi ba, duk da an riga an faɗi haka a talabijin tun ranar. A Ingila a 1993, da yara 2 'yan shekara 10 suka kashe wani ɗan shekara 2, jaridu sun yi ta haɗa abin da wani fim ɗin ban tsoro, 'yan sanda kuma suka ce ba su ga shaidar yaran sun kalle shi ba. A zamanin da kusan kowane saurayi ke buga gem, gano cewa mai kisa ma yana bugawa ba labari ba ne.

Da maganar ta je Kotun Ƙolin Amurka a 2011, a kan dokar Kalifoniya ta 2005 da ta hana sayar wa yara irin waɗannan wasanni (wanda ya sa mata hannu Gwamna Arnold Schwarzenegger ne, mutumin da ya yi suna da harbe-harbe a fim), alƙalai 7 cikin 9 suka soke ta. Mai shari'a Antonin Scalia ya rubuta cewa binciken bai nuna gem na sa yara aikata faɗa ba, kuma ɗan tasirin da aka gano bai bambanta da wanda katun ɗin yara ke haifarwa ba. Mai shari'a Stephen Breyer, wanda ya ƙi amincewa, ya yi tambayar da har yanzu ban ga an ba ta gamsasshiyar amsa ba: wace irin doka ce za ta hana sayar wa ɗan shekara 13 mujallar tsiraici, amma ta kare 'yancin sayar masa da wasan da zai azabtar da mace da hannunsa? Tambayarsa ta tarbiyya ce, kuma uba ba ya buƙatar shaidar cewa abu zai mayar da ɗansa mai kisa kafin ya hana shi. Ya isa cewa abin zai hana yaron barci, ko ya saba masa da kallon wulaƙanta ɗan Adam a matsayin abin dariya.

Duk wannan ba ya nufin abin da ake watsawa ba ya cutarwa. Yana cutarwa, sai dai ba ta ƙofar da aka tsaya gadi ba. George Gerbner na Jami'ar Pensilbeniya ya shafe shekaru yana nuna cewa masu yawan kallon talabijin sun fi zama matsorata fiye da zama mafaɗata: suna ƙiyasta laifuka fiye da yadda suke, suna zargin baƙo, suna neman a tsananta hukunci. Bayan harin bam na gasar gudu a Boston a 2013, an gano cewa waɗanda suka riƙa kallon labarin awa 6 ko fiye a rana sun fi nuna alamun firgici a kan wasu da abin ya faru a gabansu.

Sannan akwai kwaikwayo na gaskiya, kuma labarin gaskiya ya fi ƙirƙirarre haifar da shi. A birnin Viyana na Ostiriya, mutane sun yi ta faɗawa gaban jirgin ƙarƙashin ƙasa jaridu na bugawa dalla-dalla. A 1987 aka shawo kan jaridun suka daina zuzuta labarin, cikin 'yan watanni yawan masu kashe kansu ta wannan hanya ya ragu da kusan kashi 3 cikin 4. Maharan Columbine da aka ce gem ne ya ɓata su, su kansu sun zama abin koyi saboda yadda aka yi ta nuna fuskokinsu da sunayensu, har maharin Virginia Tech ya kira su shahidai. Wanda ya kashe masallata 51 a masallatai 2 na birnin Christchurch a Niyu Zilan ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 ya watsa kisan kai tsaye a Facebook, kamfanin ya ce ya cire kwafi miliyan 1.5 cikin awa 24 na farko. Maharin El Paso ya ambaci wannan mahari na Christchurch a takardar da ya bari. Wanda ya kashe baƙaƙen fata 10 a birnin Buffalo a 2022 ya kwafi salonsa har da watsawa kai tsaye. Abin da waɗannan suka ɗauka daga allo shi ne darasin cewa mutumin da ba wanda ya san da zamansa zai iya zama sananne a duniya cikin minti 20, kuma akwai jama'ar da ke jiran su tafa masa. Shi ya sa Firaministar Niyu Zilan ta lokacin, Jacinda Ardern, ta yi alƙawarin ba za ta taɓa furta sunan maharin Christchurch ba.

Mafi muni kuwa ba ya ma buƙatar hoton jini. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda, wanda ya fara aiki a 1993, kiɗa yake sawa da barkwanci, matasa na sonsa. A tsakanin kiɗan yake kiran 'yan Tutsi kyankyasai, da kisan ƙare dangi ya fara a Afrilun 1994 kuma ya riƙa karanta sunayen mutane da inda suka ɓuya. Saboda tsaunukan ƙasar, wasu ƙauyuka na kama tashar sosai wasu ba sa kamawa, sai David Yanagizawa-Drott ya kwatanta su a 2014, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka shiga kisan, wajen mutum 51,000, rediyon ne ya jawo su. Wani masanin, Scott Straus, wanda ya zanta da masu kisan a kurkuku, yana ganin matsin lambar maƙwabta da hukumomin gari ya fi rediyon aiki. Ko da nasa ne daidai, kotun duniya da ke Arusha ta sami shugabannin tashar da laifi a 2003, kamar yadda aka rataye Julius Streicher a Nuremberg a 1946 saboda jaridarsa ta ƙin Yahudawa. A 2018 kamfanin Facebook ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinsa don tunzura jama'a a kan Musulmin Rohingya a Myanmar. Mai kallon fim ya san ƙarya ake yi masa, wanda aka harbe zai tashi ya karɓi kuɗin aikinsa. Mai sauraron irin wancan rediyo kuwa ana gaya masa ne cewa maƙwabcinsa na gaskiya, mai suna kaza, yana shirin kashe shi, kuma manya sun yarda ya riga shi.

To me ya sa duk sanda aka yi kisa ake komawa kan gem, a bar jaki ana dukan taiki? Patrick Markey da abokan aikinsa sun duba dubban labaran jaridu suka ga an fi ambaton gem in maharin makaranta farar fata ne, in baƙi ne kuwa ba a cika neman wani dalili daga waje ba. Ga ɗan siyasa kuma, zagin gem ba ya cin ƙuri'a ko ɗaya, ba ya buƙatar kasafin kula da masu taɓin hankali, ba ya taɓa masu sayar da makamai. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta hana hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar kashe kuɗi a kan duk abin da zai goyi bayan taƙaita bindiga, ta kuma zare dala miliyan 2.6 daga kasafinta, daidai abin da ta kashe kan binciken raunin bindiga a shekarar da ta gabata. Hukumar ta fahimci saƙon, binciken ya kusan tsayawa cik. A tsawon shekarun da masana ke auna cokulan barkono da ƙarar kunne, ba a sake ware wa binciken bindiga kuɗi na musamman ba sai a Disambar 2019, lokacin da aka amince da dala miliyan 25.